Ranar da Na Kai Yaya Sani Gurbin Dam

Ranar Asabar ce, an gama cire masara. Yayana Sani ya zo daga Maƙarfi duba Inna, ya kwana a gidana, a ƙauyenmu kusa da Paki. Ƙarfe tara muka sha koko, ya ce zai koma. Ni na hana shi.

"Yaya, yaushe rabonka da gurbin dam? Mu je mu sha iska, da la'asar in kai ka tasha."

Ya ce ƙafarsa na ciwo. Tun da ya yi hatsari yake ɗingishi. Na matsa masa, ya yi dariya, ya hau bayan mashin ɗina.

Sha ɗaya muka isa. Na ajiye mashin a saman dam, na sa makulli a aljihu, muka gangara. Ruwa na zubowa kan duwatsu da ƙugi, can ƙasa ya kwanta luf. Mata suna wanki. Wata tana soya kifi a gindin ɓaure. Yaya ya tsoma ƙafar a ruwa, ya lumshe ido.

Sha biyu da rabi ya miƙe. "Habu, bari in fara hawa, kada in ɓata maka lokaci." Na tsaya ƙarasa kifina.

Ƙugin ruwa ya hana mu jin baburan 'yan bindiga. Harbi muka fara ji, daga hanyar gari. Sai tsawa: "Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

Na ɗaga kai. Yaya yana kan mashin, yana laluben makulli. Ya kira sunana sau biyu. Na ji shi sarai. Na faɗa ruwa.

Na ƙetare, na bi gefen rafi da gudu, na shige gonar rake. Nan na kwanta har la'asar, ina hango hayaƙi daga garinmu. Sai da harbi ya lafa na fito. Gab da magariba na isa ƙauyen Saulawa, ba takalmi.

Washegari muka koma. Inna ta tsira, a rumbu ta ɓuya. Mashin sun ƙona shi. Yaya yana kwance a kan hanyar gangarowa ruwa. Wajena ya nufo.

Mutum biyar muka binne kafin azahar. Matar Yaya ta tambaye ni ko ya sha wahala. Na ce a'a. Ba ta tambaye ni inda nake a lokacin ba. Har yau babu wanda ya tambaya.