Gaisuwar Albarushi

Gonar mahaifina ita ce ta ƙarshe a ƙauyenmu, can bayan Kebbe ta wajen Fakku. Daga ita sai daji. Ƙasa ce baƙa mai albarka, dawa na yin kai a cikinta har mai wucewa ya tsaya kallo, amma ba mu kaɗai muka san da haka ba. Gwaggon biri ya sani, gadu ma ya sani. Da dawa ta fara ƙosawa sai su sauko kamar an aika musu goron gayyata. Biran wajenmu ba sa jin ihu, ba sa tsoron mace ko yaro, in ka jefe su ma sai babban ya zauna ya zuba maka ido. Abu ɗaya suke ganin girmansa, bindigar Baba.

Bindigar toka ce, ƙirar wani maƙeri na garinmu, doguwa, an naɗe gindinta da fata. Kafin a ɗura mata albarushi a danna tsumma a gyara tsayuwa, mai shan fura ya kusa ganin gindin ƙwaryarsa. Sau da yawa ba ta samun komai, ƙara ce kawai da hayaƙi. Amma ƙarar ta wadatar. In ta tashi sau ɗaya, sai birai su kwana biyu ba su leƙo ba, kuma da haka gidanmu yake cin tuwo.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina koyarwa a makarantar elemantare a Tambuwal, sai sanarwa ta zo cewa duk mai bindiga ya kai ta a buga mata lamba a ba shi lasin. Wannan bai dami kowa ba. Abin da ya tayar da hankali shi ne jelar maganar: wai ƙirar maƙera ba a yi mata lamba, in an kai ta za a riƙe. To, a duk yankinmu wa ke da bindigar da ba ƙirar maƙera ba? Nan da nan bindigogi suka ɓace daga doron ƙasa. Wasu suka shige jinkar rumbu, wasu suka kwanta cikin ramin da aka rufe da kara. 'Yan doka suka zaga ƙauyuka suna tambaya, kowa ya ce ai tasa ta fashe tun bara. Suka koma hannu rabbana, sun san ƙarya ce, mu ma mun san sun sani.

Ni dai wannan zaman ɓoyo bai yi mini ba. Manomin da zai harba bindiga yana waiwaye, ba a gona hankalinsa yake ba. Kuma a lokacin kaina cike yake da abin da nake koya wa yara, cewa yanzu ƙasa tamu ce, muna da wakili a majalisar Kaduna, shi ne bakinmu. Na hau kekena ranar wata Alhamis bayan an tashi makaranta, na sha yashi da kwazazzabai har gida, na ce wa Baba a bar ni in kai kukan ga ɗan majalisa. Buƙatar ba mai yawa ba ce, a yarda wa manoman bakin daji su riƙe ƙirar maƙera, a yi mata lamba kamar kowace.

Baba ya saurare ni yana gyaran igiyar jaki, bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "To, malam, ku ad da boko. In kana ganin shina ji, tahi ka gwada." In ya kira ni malam, na san rabi girmamawa ce rabi zolaya.

Ɗan majalisar ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban waye. Mutum ne mai fara'a, mai son jama'a, sai dai ganinsa aiki ne. In ya zo hutu Tambuwal, zaurensa kan cika tun hantsi: mai neman aiki, mai rikicin gona, maroƙa, da waɗanda ba su da wata buƙata illa a gan su zaune a wurin. Ka shiga ka durƙusa, ka gai da shi, ka tambayi gajiya, ka tambayi mutanen Kaduna, kafin ka buɗe baki da abin da ya kawo ka wani ya yi sallama an koma farkon gaisuwa. Na yi ta sintiri har masu zaman zauren suka fara matsa mini wuri ba tare da na nema ba. Raina ya ɓaci ƙwarai da na ga sun ɗauke ni ɗaya daga cikinsu.

Ranar da na samu kunnensa, na zayyana masa komai, da dawa da birai da lamba. Ya gyaɗa kai, ya ce ya ji daɗi da malamin makaranta ya zo da magana irin wannan, domin ni zan fahimta. Ya tambaye ni ko ina sauraron rediyo. Na ce ina saurara a gidan hedimasta. Ya ce to ai na ji manyan ƙasashen duniya suna ta zama kan yarjejeniyar rage makamai, kuma ƙasarmu sabuwa ce, idon duniya na kanta, bai kamata a ce ana can ana ajiye makami mu muna nan muna neman a ƙara ba. Ya yi bayanin bama-bamai masu cinye gari guda, har masu zaman zaure suna salati.

Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗancan suna tsoron su ƙone duniya ne. Bindigar babana ko biri ba ta cika samu ba." Zaure ya ɗauki dariya, shi ma ya dara. Ya ce ba komai, zai yi rangadi zuwa Kebbe kafin kaka, a tara masa manoman su faɗa da bakinsu, in ya ji daga gare su zai fi ƙarfin magana a majalisa. Na fito ina jin na yi rabin aiki.

Saura rabin kuma mutanena ne. Na koma gida na sa aka tara mafarauta da manoman bakin daji a ƙofar sarkin baka, wato shugaban maharban yankin, tsoho mai ƙaramin jiki da babbar murya. Na yi musu bayani dalla-dalla. A zo da tsabta, a zauna, mutum biyu ko uku su yi magana. A kawo zangarniyar dawar da biri ya ɓarnata a nuna masa. Bindiga kuwa ta ci gaba da kwana inda take, domin 'yan doka za su rako shi, kuma su ne aka gaya wa duk ta fashe. Na maimaita wannan har na fara jin kunyar maimaitawa a gaban sa'o'in ubana.

Sarkin baka ya ce sun ji. Sai kuma ya ƙara da cewa, "Amma ɗana, babban mutum za ya taho garinmu, mu tarbe shi awa mata? Tun kakanninmu, maharbi ba shi da gaisuwa sai albarushi."

Na ce wannan karon a yi haƙuri da gaisuwar, a gaishe shi da baki. Ya ce to. Na dubi Baba, ya kawar da kai yana kallon wata akuya. Na san irin wannan "to" ɗin, tun ina yaro nake jin ta, amma na lallashi kaina cewa magana ta shiga.

Ranar rangadin ta faɗo ranar kasuwar Kebbe, gari ya cika. An share fili gaban wata babbar tsamiya, an shimfiɗa tabarmi, an kawo kujera. Na iso da wuri na ga zangarniyar dawa an tara ta gefe yadda na ce, na ji sanyi a raina. Abin da ban gani ba shi ne maharban. Na tambaya aka ce suna tafe. Can bayan azahar ƙura ta taso daga hanyar Tambuwal, motar ɗan majalisa ta ɓullo tana tangaɗi, ta 'yan doka na biye da ita. Mota na tsayawa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sai ga su sun fito daga bayan dangar wani gida a jere, cikin rigunansu na farauta masu layu, sarkin baka a gaba, Baba na uku ko na huɗu. Kowa da tasa a kafaɗa.

Sarkin baka ya ɗaga hannu, suka ɗaga bakin bindigogi sama, suka saki gaba ɗaya. Ƙasa ta girgiza, jakunan kasuwa suka tsinke, mata suka rangaɗa guɗa, hayaƙi ya rufe tsamiyar har ba a ganin kujera. Maganar gaskiya, ban taɓa jin sun haɗa harbi ya tashi daidai kamar na ranar ba. Ko ɗaya ba ta ƙi tashi ba, har da waɗanda aka rantse sun fashe tun bara.

Ɗan majalisa ya ji daɗi, baki har kunne, ya ɗaga musu hannu yana jinjina. Sajen 'yan doka kuwa bai yi dariya ba. Ya tsaya yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ya san su, ya sha ruwa a ƙofar gidajensu ranar da suka ce ba su da komai. Da hayaƙi ya lafa ya matsa ya yi wa ɗan majalisa raɗa. Na ga fara'ar ta ragu. A gaban kasuwa guda aka yi abin, ba yadda za a ce ba a gani ba.

Aka ce kowa ya jingina tasa jikin tsamiya tukuna, a zauna a yi magana. Suka jingina da murnarsu, suna tsammanin ladabin zama ne. Aka yi maganar kuwa. Wani dattijo ya nuna zangarniya, Baba ya faɗi nasa a taƙaice, don bai saba magana a taro ba. Ɗan majalisa ya saurara da kyau. Sannan ya miƙe ya ce ya ji kukansu kuma zai kai shi Kaduna, amma doka doka ce, kafin a gyara ta sai a bi ta. Bindigogin za su zauna a hannun hukuma na ɗan lokaci. Ya ce su yi alfahari, domin abin da manyan ƙasashe suka kasa yi suna ta jayayya, ga talakawan Kebbe sun yi shi da rana tsaka, sun ajiye makamai da hannunsu. Maroƙinsa ya ɗauka ya ƙara gishiri. Wasu har da tafi.

Ina tsaye ina kallo aka kwashe su kamar itacen girki aka zuba a bayan mota. Takaici ya hana ni motsi. Ban san da wa zan fara ba, da mai kujera ko da masu layu. Da taro ya watse na tari sarkin baka na ce, "Baba, ba mun yi magana ba?" Ya dube ni da mamaki, kamar ni ne ban gane ba. Ya ce, "Mun yi. Amma kai ma ka ji yadda tat tashi. Ko can Kaduna ba a yi mai irin wagga tarba ba. Mutumin da anka girmama haka ba shi mance mutane."

Wataƙila bai manta ba. Na koma zaurensa ya fi a ƙirga, kullum amsa ɗaya, ana duba maganar. Wata rana ya ce ya ambata ta a wani kwamiti, wata rana ya ce a jira zama na gaba. Na taɓa leƙa ɗakin ajiyar da aka zuba su, rufin na yoyo, tsatsa ta riga ta fara cinsu. Maƙerin garinmu kuma ya ji tsoro, ya koma ƙirar fartanya da lauje, ko an roƙe shi ba ya sauraro.

Kakar shekarar ta zo, birai suka gane tun kafin mu gaya musu. Baba ya kafa rumfa a tsakiyar gona, ya rataya gwangwanaye a igiya, ya saƙa majajjawa kamar ƙaramin yaro. Ya wuni yana bugu yana ihu har muryarsa ta dushe, in ya kore su gabas su ɓullo yamma. Abin da biri ya bari da rana, gadu ya tone. Da na je taya shi girbi, muka gama da wuri, don ba wani abin girbi.

Da bazara, ranar wata kasuwar Tambuwal, ina fitowa daga aji aka ce ina da baƙo. Na tarar da Baba a bakin dangar makaranta riƙe da igiyar jakinsa, da buhu wofi a naɗe a hammata. Bai taɓa zuwa inda nake aiki ba. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi hedimasta. Ga kasuwar Kebbe kusa da shi, amma ya wuce ta ya yi wannan doguwar tafiya zuwa inda ba a san fuskarsa ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin an auno hatsi an shigo da shi gidanmu ba.

Ya miƙo mini buhun bai dube ni ba. Ya ce, "Kai ma'aikaci na, in an gane ka wurin awo ba a cewa komi. Shiga ka auno muna dawa. Ni ina nan wurin jakkai."