Jummai Ba Ta Shiga Mota

Duk wanda ya san Malam Habu Majigi ya san ba ya wuce abu a ƙasa. Ƙusa ce, guntuwar waya ce, murfin biro ne, sai ya tsaya ya sunkuya, ya ɗauka, ya hure, ya jefa a aljihun gaba. Daga ƙofar masaƙa zuwa ofis tafiyar minti biyar ce, amma in da shi kuke sai ta ci rubu'in awa. Ka yi ƙorafi ya ce, "Mai yarwa bai san ranar nema ba." A ƙarƙashin teburinsa akwai gwangwanayen madara sun fi goma, kowanne da irin tsintuwar da ke cikinsa. Ku da kuka zauna da shi kun san ban ƙara gishiri ba.

Ni ne Isa mai lantarki, na masaƙar atamfarmu ta Sharada. Shi kuwa laƙabinsa ya samo ne daga tsohon aikinsa, don ya yi shekaru yana bin ƙauyuka da mota yana haska majigi kafin ya dawo sito a wurinmu. A farkon shekarun tamanin kamfani ya sayo babbar kwamfuta, aka ware mata ɗaki mai sanyi, aka zuba mata haɗin launin kowane zane: ja kaza, shuɗi kaza, ruwa kaza. Tun daga nan aka daina rubuta haɗin a littafi. Da aka ga duk arzikin masaƙa ya koma cikin akwati ɗaya, sai aka yi odar injin tef, wanda zai riƙa kwafe abin da ke cikinta kowace yamma a kan faifai, saboda ko ta kwana. Manaja ya duba ma'aikatansa kaf, ya ga mutum ɗaya ne ya taɓa zura zare a injin da ke juya faifai biyu. Haka Malam Habu ya bar sito ya koma ɗakin sanyi, da gwangwanayensa.

Injin ya iso cikin akwatin katako, tsayinsa kamar firji. Aka turo wani Injiniya Kola daga Legas ya haɗa shi da kwamfutar. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa tas. Yana fara kwance kaya Malam Habu ya matso yana leƙe, ya buɗe baki zai yi magana.

"Baba," in ji Injiniya, "wannan ba majigi ba ne. Don Allah zauna can. Kar ka ce komai sai na tambaye ka."

"To," in ji Malam Habu. Ya ja kujera ya zauna, ya harɗe hannu.

Injiniya ya jona wata waya mai faɗi kamar bel daga bayan kwamfuta zuwa bayan inji. Ya daidaita wasu 'yan makunnai da tsinin biro, wai lambar da kwamfuta za ta riƙa kiran injin da ita ke nan. Ya kunna. Kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba. Ya kashe, ya sake lamba, ya kunna. Shiru. Sai laifi ya dawo kaina, wai wutata ba ta da kyau. Ya sa na haƙa rami a bayan gini na binne sabuwar wayar ƙasa, a cikin ranar nan ta bazara. Duk a banza. Kwana biyu muna abu ɗaya, Malam Habu na zaune yana cin goro.

Rana ta uku Injiniya ya zauna ya bi littafin injin shafi-shafi, sai ya ga hoton wani ɗan abu kamar gidan ashana. Ashe akwai rami na biyu a bayan injin, kuma dole a toshe shi da wannan abin, in ba haka ba saƙon kwamfuta ba ya tsayawa inda aka aike shi. Muka zazzage akwatin katako, babu. Muka je bola, an riga an ƙone shara. Injiniya ya dafe kai ya ce sai an aiko da wani daga ƙasar waje, wata biyu in an yi sa'a. Don takaici kawai ya juya ya nuna wa Malam Habu hoton.

"Baba, ko ka ga wani abu mai kama da wannan?"

Malam Habu ya sunkuya, ya jawo gwangwani na uku daga hagu, ya ciro shi, ya hure, ya miƙa.

"Shekaranjiya ka shure shi da ƙafa, ya bi soson kaya."

"Innalillahi! Me ya hana ka faɗa?"

"Ka ce sai ka tambaye ni. Yanzu ka tambaya."

Na ce, "Haba Malam! Ni fa da na haƙa rami?"

Ya ce, "Ramin ya yi kyau, Isa."

Aka toshe, kwamfuta ta ga inji, faifai ya juya, aka kwafe komai. Injiniya ya rufe jaka zai kama jirgin yamma, sai ya tarar da Malam Habu tsaye a bakin ƙofa.

"Haska mini."

"In haska me? Ga fitila nan koriya, ta ce an gama."

"Fitila ba shaida ba ce. Mu a majigi ba ma cewa an ɗauka sai mun gani a bango. Goge haɗi ɗaya daga kwamfutar, ka dawo da shi daga faifan, ina kallo."

Haka aka yi, haɗin ya dawo, jirgi kuma ya tafi. Injiniya ya ƙara kwana a Kano yana cewa bai taɓa ganin tsoho irin wannan ba.

An ba Malam Habu faifai biyar, kowace ranar aiki da nata. Injiniya ya manna musu lamba ɗaya zuwa biyar. Yana juya baya Malam Habu ya ɓare lambobin ya raɗa musu suna: Altine, Talatu, Larai, Lami da Jummai. Ya ce lamba ana mantawa, amma ba a manta sunan mutum. Mu mun saba, har ba ma jin abin a kunne. Sai aka kawo sabon jami'in ma'aikata, wani ustazu mai tsantseni, ya zo wucewa ya ji Malam Habu yana ba ni labari ta taga.

"Talatu ta fara tsufa, Isa, jiya da ƙyar ta yi aiki. Larai kam na kulle ta a kabad tun yamma. Lami ce ba na so kowa ya taɓa."

Bawan Allah bai tsaya jin ƙarshe ba. Kafin azahar sai ga shi da Manaja da mai gadi, fuska a ɗaure, wai a buɗe kabad yanzu-yanzu. Malam Habu bai ko tambayi dalili ba. Ya ciro makulli, ya buɗe, ya koma gefe.

"Ga su nan. Ku gaisa."

Manaja ya yi dariya har sai da ya riƙe bango. Ustazu kuwa wata guda yana zagayawa ta bayan sito don kar su haɗu.

Rigimar Malam Habu da Manaja ta gaske a kan Jummai aka yi ta. Ya ce shi bai yarda faifan duka su kwana ɗaki ɗaya da kwamfuta ba. Ya taɓa ganin ɗakin ajiyar finafinai ya ƙone ƙurmus a zamanin majigi, kuma wuta ba ta tsaya tambayar wanne ne asali wanne ne kwafi ba. Don haka a ba shi takardar fita da kaya, ya riƙa tafiya da faifan kowace rana gida.

Manaja ya ce, "Kayan kamfani a Dorayi? Sam!"

Malam Habu bai yi musu ba. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya je ƙofar ofishin Manaja ya tsaya, takarda a hannun dama, biro a hagu. Ba ya sallama, ba ya zama. Manaja ya fito ya gan shi, ya koma ya gan shi. A mako na bakwai Manaja ya fizge takardar ya ce, "Jummai kaɗai! Kuma kar in sake ganinka a nan."

Daga nan kowace Juma'a da yamma sai ya naɗe ta a tawul, ya saka a tsohon gwangwanin fim, ya ɗaure a bayan kekensa. A gida saman kabad yake ajiye ta, ya kuma hana shiga da rediyo ɗakin, don ya ce maganaɗisun lasifika yana shafe tef. Mai ɗakinsa Iya Abu ta shekara huɗu tana jin labarai a tsakar gida.

To, sai wata damina, saura mako uku Babbar Sallah, muka zo aiki ranar Alhamis da safe muka tarar indararon rufi ya karye, ruwa ya ɓarke silin ɗakin sanyi. Kwamfuta ta sha, kabad ya sha. Altine, Talatu, Larai da Lami duk suka fito jage-jage da taɓon rufi. Allah ya taimaka injin tef yana ɗaya kusurwar, kuma Malam Habu kullum sai ya lulluɓe shi da leda kafin ya tashi. Sashen rini ya tsaya cik, tunda ba wanda ya haddace haɗin zane ko ɗaya daga cikin sababbi. 'Yan kasuwa na ta aike. Manaja ya ce in Litinin ta yi ba a tashi ba, dole a sallami masu rini da masu buga zane su zauna a gida. Mutane ne masu iyali, yawancinsu daga Panshekara, ga Sallah a gaba. Suka taru a inuwar sito.

Injiniya Kola ya iso ranar Asabar da kayan gyara. Wajen ƙarfe uku kwamfuta ta farfaɗo, amma cikinta wayam. Ya ce a kawo faifai. Manaja ya jawo Malam Habu ya ce, "Shiga mota mu je mu ɗauko."

"Jummai ba ta shiga mota."

"Don me?"

"Motarka lasifika huɗu gare ta, ga zafi. A keke ta saba."

"Malam Habu, don girman Allah!"

Ina! Ya riga ya naɗe ƙafar wando. Ya hau keke ya nufi Dorayi, Manaja ya ce in shigo mota mu bi shi. Malam Habu ya shiga gida ya fito da gwangwani, ya ɗaure, ya ja igiyar sau uku ya ji ta yi, sannan muka juyo. Ku auna da kanku: tsoho a gaba yana taka keke kamar mai rakiyar amarya, babbar mota a baya tana rarrafe, masu tifa na ta danna mana oda. Aka kira la'asar, ya tsaya a masallacin bakin hanya, ya shiga da gwangwanin a hammata. Mu ma dole muka fito muka yi alwala. Da muka kusa Sharada sai kawai muka ga ya taka burki ya sauka. Manaja ya zaci faifan ne ya faɗo. Ashe noti ya gani a ƙasa.

Manaja ya kifa kai a sitiyari ya ce, "Isa, in an gama aikin nan ka tuna mini in kore shi."

Malam Habu da kansa ya ɗora Jummai a inji, ya zura zaren a natse. Faifai ya yi ta juyawa, ya tsaya, ya juya, kusan awa guda. Ba wanda ya zauna. Can sai haɗin launi ya fara zubowa a allon kwamfuta, layi bayan layi. Injiniya ya leƙa taga ya ɗaga hannu, sai muka ji kabbara daga inuwar sito. Manaja ya rungume Malam Habu, ya manta da maganar kora.

"Faɗi duk abin da kake so!"

Malam Habu ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Aikin kwana uku ya tafi, daga Litinin zuwa Laraba. Da ka ji maganata da bai tafi ba." Ya sa hannu a aljihu ya ciro takardun fita guda huɗu, na Altine zuwa Lami, sun yi laushi don daɗewa, da biro. "Sa hannu."

Bayan 'yan shekaru aka kawo sabon inji mai ƙananan kaset, Malam Habu ya duba ya ce wannan kayan wasan yara ne, ya ajiye aiki. Masaƙar ma daga baya ta rufe, kowa ya kama gabansa. Nakan je gaishe shi jefi-jefi.

Zuwana na ƙarshe yana kwance, ya rame sosai, muryar ma sai ka sunkuya kake ji. Ya sa Iya Abu ta ɗauko masa wani ƙulli a ƙarƙashin matashi. Ya kwance da kansa, ya miƙo mini wata 'yar sukudireba mai jan hannu, irin ta gwada wuta.

"Taka ce. Ka yar da ita a bayan janareta, shekarar da aka yi wa sito fenti. Na ce zan ba ka gobe, goben ta yi tsawo."

Na yi dariya na ce, "Malam, ai ni ko tuna ta ban yi ba. Ka riƙe."

Ya girgiza kai. "Karɓi abinka, Isa. Ka kuma ce ka yafe. Ba na so a tsayar da ni a kanta a can."

Na karɓa, na ce na yafe duniya da lahira. Ya ce shi ma ya yafe mini, ya lumshe ido. Kwana shida bayan nan ya cika.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya yi masa rahama, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsare amanar da aka ba shi, Allah Ya tsare masa bayansa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.