Hedifon Mai Makirufo

Ina tsaye a shagon kayan waya a Birnin Kebbi, hedifon biyu a hannuna, don nawa ya lalace. Ɗaya na masu wasan kwamfuta ne, da makirufo a saitin baki. Ɗayan na sauraro ne kawai.

Na kira ƙanena Nasiru, abokin wasan ƙwallona na kwamfuta ta intanet tun da aiki ya mayar da shi Argungu.

"Wanne za ni saye?"

"Yaya, ɗauki marar makiruhon. Na gaji da jin 'laihin netwok na' in na ci ka."

Na sayi mai makirufon. A waya ba ma wuce gaisuwa, amma da daren nan muna tsakiyar wasa, ta hedifon ya fara gaya mini ya ga matar aure.

Ku a ina hira ke yi muku daɗi da 'yan'uwanku?