Ranar da Liman Ya Jefa Ƙwayar Lido

Ko ritaya na yi, ban jin zan manta da Alhamis ɗin da aka zauna shari'ata a ɗakin malamai. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Gummi, shekarata biyu, ko takardar tabbatarwa ban samu ba. Ku sababbin malamai ku sani, wanda bai da wannan takarda, layi ɗaya na rubutu ya isa a sallame shi.

Ɗalibaina sun ƙi lissafi ƙiri-ƙiri, sai na ƙirƙiro musu wasa. Na zana taswira a bayan kwali: ga jirgin sararin samaniya, ga wata na'ura da mugaye suka kafa a duniyar wata don su ƙone duniya. Kowa ya ɗauki matsayi, ni ina ba da labari. In za ka yi wani abu, ka jefa ƙwayar lido, ka haɗa lissafinka. Zagaye goma, in ba a kashe na'urar ba, kowa ya faɗi.

Wani uba ya ga ƙwayar, ya kai ƙara wai ina koya wa yara caca. Ran Talata aka ba ni takardar tuhuma, ran Alhamis kwamiti ya zauna, kuma duk abin da suka rubuta shi ofishin ilimi zai bi. Mutum uku ne: shugaban makaranta, Inna Kulu mai wakiltar iyaye, da Liman Malam Umaru, dattijon da ban taɓa ganin haƙoransa ba.

Liman ya ce ba ya hukunci a kan abin da bai gani ba, a shimfiɗa kwalin a kan tebur, kwamiti ya buga wasan. Amma shi ba zai taɓa ƙwayar ba, sai dai ya bi su cikin jirgin.

Shugaba ya zama matuƙi. Jifansa na farko ya buga jirgin da dutse, ya ce laifina ne, taswirar ba ta da kyau. Inna Kulu ta zama injiniya. Da na ce ga mutum-mutumin ƙarfe ya tare ƙofa, sai ta tambaya ɗan gidan wa ne. Na ce ba shi da iyaye. Ta ce ai ga alama, ta yi masa faɗa tas, har na ji kunya na buɗe mata ƙofar.

A zagaye na goma shugaba na kwance da karaya, iskar numfashin Inna ta ƙare. Liman kaɗai ya rage a gaban na'urar, kuma sai ƙwaya ta ba da shida za a kashe ta. Ya gyara rawani ya ce babu ƙarfen da zai tashi duniya kafin lokacinta, don haka shi zai koma jirgi ya jira la'asar.

To fa. In na ce duniya ta ƙone, na yi jayayya da Liman a gaban masu riƙe da aikina. In na bari, wasana ya zama shirme, ni kuwa ina da taurin kai.

Na ce, "Allah gafarta Malam, gaskiyarka, duniya ba ta tashi. Amma gonaki za su ƙone daga nan har Anka da Bukkuyum."

Ya dube ni. "Har hwadama?"

"Har albasarka."

Liman ya matso kusa da teburin. Ya naɗe yatsunsa da bakin riga don kada fatarsa ta taɓa, ya ɗauki ƙwayar, ya jefa. Ta gangara, ta bugi kofin shayin shugaba, ta tsaya. Biyu.

Ban san lokacin da bakina ya ce albasa ta ƙone ba. Na ce a raina, shi ke nan, Sani, ka koma noma. Inna Kulu ta yi salati, ta ce da ita aka ba wa da ba haka ba. Shugaba ya ce tun daga dutsen nan aka cuce su. Liman ya jawo takardar rahoto ya yi rubutu a hankali, ya miƙa wa shugaba ya karanta.

"Mun bincika. Wanga abu ba caca ba ne. A caca wani yakan ci. Nan kuwa duk mun yi hasara."

A ƙasa ya ƙara sharaɗi: kwamiti zai ci gaba da bincike duk Alhamis har sai an kashe na'urar. Sati huɗu muka yi. A na uku Liman ya zo da littafin lissafin jikarsa, ya ce in nuna masa yadda ake haɗawa.

Abin da na koya ke nan a aikin nan: kada ka ɓata bakinka wajen kare kanka, jawo wa mai tuhumarka kujera ya zauna inda ɗalibi ke zama. Takardar tabbatarwata ta fito a zango na gaba. Liman kuwa har yau in muka haɗu a kasuwa, bayan gaisuwa sai ya sunkuyo ya ce teburin nan a karkace yake.