Takalman Ladi a Gaban Wuta

A flat ɗinmu na unguwar Ladywood a Birmingham, hawa na shida, babu murhu babu tsakar gida. Wutar gas ce a falo, kuma gabanta na Iya ne. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. An ɗauko ta daga Kano ta kula da mu, saboda Mama nas ce mai aikin dare, Baba kuma sai yamma. Da an idar da Magariba za ta ja kujerarta, ta miƙe ƙafafu cikin safa bibbiyu, ta ce sanyin Birmingham jarrabawa ce. Ni da ƙanwata Fa'iza mu baje a kafet, a fara tatsuniya.

Shekarata tara a lokacin, kuma na riga na yanke hukunci cewa Mama ba ta sona. Hujjoji gare ni. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Fa'iza dai Fa'iza ce, har da ɗauka a cinya, ni kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan". A ƙofar makaranta Turawa suna rungumar 'ya'yansu kamar an shekara ba a haɗu ba, tawa uwar sai ta karɓi jakata tana kallon titi. Ranar da na ciyo kyautar lissafi, cewa ta yi, "To, a je a cire yunifom." A banɗaki na sha kukana. Iya ta buga ƙofa ta ce in fito, 'yar fari haka ake yi mata, kunya ce. Na ce ni ban san wata kunya ba, tsanata kawai aka yi.

Lahadin makon aka nuno wani tsohon fim na Turawan da. Talabijin ɗinmu baƙi da fari ce, don Baba ba ya canza abin da bai mutu ba, kuma mun kashe sautin saboda Mama tana barci. Ga ƙaton gida, ga doguwar matakala, ga mata da riguna kamar lema. Akwai wata mata mai murtuke fuska da wata budurwa da ke zaune a hannunta. Iya ta kafa ido ko ƙiftawa ba ta yi, har Magariba ta yi Baba ya kashe. Ba mu ga ƙarshen ba.

Da muka zauna gaban wuta sai ta ce, "Ku matso. Ta yau daga akwatin Turawa ta fito."

Muka ce ta fito mu gan ta.

Iya ta sa wa matar suna Uwar Soro, budurwar kuma Ladi, tunda ranar Lahadi muka same ta. "Kun ga yadda take kau da kai in Ladi ta shigo?" in ji Iya. "'Yarta ce ta fari. Ku dubi gashinsu mana, iri ɗaya sak. Ashe Turawan da ma sun san kunya, na yanzu ne suka lalace."

A labarin Iya, Ladi ta gaji da zaman gidan da ba a kiran sunanta, ta ƙulle kayanta za ta gudu. Da sassafe ta sauko daga matakala da sanɗa, sai ta hango Uwar Soro durƙushe a gaban wuta, tana jujjuya takalman Ladi don su yi ɗumi kafin ta tashi. Kullum Ladi da ɗumi take samun takalmanta, amma ba ta taɓa tambayar kanta wa ke yi ba. Ta koma sama ta kwance kayanta.

Na ce, "Iya, ni ban ga wurin takalman nan ba."

"Kina banɗaki aka nuna, sarkin musu."

Sau nawa ta maimaita mana shi, ban sani ba. Nawa takalman makarantar ma da ɗumi nake samunsu, amma na ɗauka aikin Iya ne, har ina cewa a raina tsohuwar nan kanta take yabo. Duk da haka labarin ya riƙe ni. Ranar da na gama jami'a, Mama ta tsaya can gefe a hoto. Ranar aurena ko ɗakin da nake ba ta leƙo ba. Kowane karo sai in ce wa kaina, Uwar Soro ce, ƙyale ta. Iya ta koma Kano ta rasu, ni na zauna a Manchester, ina dogare da tatsuniyarta fiye da shekara talatin.

Bara, ina cikin bas daga Fallowfield zuwa Oxford Road, na hango hoton matakalar nan a jikin wata ƙaramar silima. Ko a mafarki na gan ta zan gane ta. Wai an gyara fim ɗin, an dawo masa da launinsa. Ban ƙarasa gida ba, nan take na sauka na shiga kallo.

Kai, Iya! Gashin Uwar Soro ja ne jawur, na Ladi baƙi wuluk. Da sauti ya fito kuwa sai asiri ya tonu. Matar ba uwarta ba ce, matar kawunta ce, kuma so take a ce yarinyar ta haukace don ta cinye gidan. Muguwa ce ta gasken gaske, a ƙarshe ma daga matakalar ta faɗo. Na tuntsire da dariya har wani tsohon Bature ya juyo yana hararata.

Sai dariyar ta yanke. In Iya ta ga mugunta ta kira ta kunya, to Mama fa? Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na zauna ina jiran wurin takalman, ko shi kaɗai ya zama gaskiya. Har aka kunna fitilu babu shi.

A hanyar gida na yi ta juya abin. In ba a fim Iya ta gani ba, a ina ta gani? Sai na tuna gwiwoyinta. Matar da a zaune take sallah, yaushe za ta durƙusa gaban wuta? Kuma bayan Asuba barci take komawa har hantsi. Mutum ɗaya ce ke shigowa gidan ƙarfe bakwai, daga aikin dare, kafin mu tashi.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ana ruwa. Na tarar da Mama a kicin tana yanka albasa. Ta yi ritaya, gashinta ya yi fari, halin yana nan. Na kwashe labarin fim ɗin na ba ta, sannan na ce, "Mama, wa yake sa takalmana gaban wuta lokacin ina firamare?"

Ba ta ɗago ba. Wuƙar ta ɗan tsaya, ta ci gaba. Can ta ce, "Iya ba ta iya riƙe magana ba, Allah ya ji ƙanta." Sai kuma, "Ke, miƙo mini murfin can."

Na miƙa mata. Albasa ta rufa mana asiri mu duka biyun.

Iya ta kuskure fim ɗin nan daga farko har ƙarshe, wannan ba musu. Amma yanzu na tabbata ba talabijin take kallo ba ranar nan. Surukarta take kallo tun da ta zo ƙasar, ta ga abin da ni da ke gidan ban gani ba, ta rasa yadda za ta faɗa wa yarinyar da ba ta yarda da kunya ba, sai ta ɗora shi a kan Turawa don in saurara.

Da yamma na tashi tafiya, na duba bakin ƙofa inda na cire takalmana jiƙe sharkaf, ba sa nan. Suna kan hita a falo. Mama tana kicin ta juya baya, wai tana neman wani abu a firiji. Har yau ba ta kira sunana ba, kuma na daina jira. Na zura ƙafata, da ɗuminsu.