Lodin Kawu na Ƙarshe

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban babbar mota ne tun kafin a haife ni. A tashar manyan motoci ba mai kiransa da sunansa, Sannu-Sannu suke ce masa, don ko da bulala ake binsa ba ya ƙara wa mota wuta. Abokansa kan ce har kunkuru ya taɓa yi masa ham ya wuce. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce su je su tambayi masu kaya wa suke nema idan lodin mai fashewa ne. Abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa ɗaukar kaya ya kasa kai su ba.

Sai ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a kan hanya. Allah ya taimake shi ya gangara gefen titi ya kashe mota. Masu wucewa suka kai shi asibiti, kafin mai motar ya turo wani direba an yanke igiya an kwashe rabin kayan. Ba wanda ya ga laifinsa, mai motar ma har gida ya zo duba shi. Amma Kawu ya dawo ɗakinsa da hannun dama a lanƙwashe, ya juya fuska bango, magana ma sai an matsa masa. Ni ce mai kai masa abinci da share ɗakin idan na taso daga shagon ɗinkin da nake aiki, don matarsa, Inna, ciwon gwiwa ya sa ta gaba.

Maƙwabcinmu mai gyaran kwamfuta ne ya kawo masa wata tsohuwar na'ura da mai ita ya yi watsi da ita, ya ɗora a kan teburin da ke bakin taga. A cikinta akwai wasan fatauci tsakanin taurari. Ana ba ka ɗan ƙaramin jirgi a sake ka, ba wanda zai ce maka ga inda za ka. In ka so ka yi yaƙi, in ka so ka yi fashi, in ka so ka sayi kaya a wannan tasha ka kai waccan. Kawu ya kalli taswirar ya daɗe, sannan ya tambaya ko ana ba da lodi. Mai gyara ya ce ana bayarwa. Daga ranar ya fara koyon tuƙi da hannun hagu.

Yadda ya yi da mota haka ya yi da jirgi. Bai taɓa harbin kowa ba. Ina shara yana yi mini karatu, ko na tambaya ko ban tambaya ba, yana kirana karen motarsa. Ya ce sabon shiga ya samu tasha biyu maƙwabta ya yi ta zirga-zirga tsakaninsu har ya san abin da ke araha nan yake tsada can, kada kwaɗayin nisa ya ja shi. Kada ya zuba duk abin da ya mallaka a lodi ɗaya. Kada ya yi sha'awar babban jirgi tun bai iya juya ƙarami a bakin tasha ba. Mai kuwa, a sha na zuwa da rabin na dawowa, kuma direban kirki ba ya komowa da baya wayam. Inna kan leƙo ta ce, mutumin da ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa wai ya tafi kasuwar taurari, ya dai taho mata da tsaraba. Ya ce ta jira, hanyar ce ba kwalta.

Abu ɗaya ne suka kasa jituwa a kai da mai gyara. A wasan ana iya ajiye inda aka tsaya, idan 'yan fashi suka tare ka ko mai ya ƙare, sai ka koma baya ka sake kamar ba a yi ba. Kawu ya ce shi ba ya wannan. Abin da hanya ta ci ta ci, in da ana komawa baya da shi ne farkon mai komawa.

Wata rana ya karɓi lodin ruwa zuwa wata tashar masu haƙar ma'adinai, mafi nisan tafiyar da ya taɓa ɗauka. Hanya biyu ce, gajeriya mai 'yan fashi da doguwa mai zagaye, ya bi doguwar. Bai kai rabi ba ciwon ya sake buge shi, aka kai shi asibiti.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne jirgin. Mai gyara ya kwantar masa da hankali, ya ce tunda na'urar a kashe take, jirgin yana nan tsaye inda ya bar shi, ba abin da zai taɓa shi. Ashe wannan ce maganar da ba ya son ji. Hawaye ya gangaro masa ta ɓarin da ba ya motsi. Ya kamo gefen mayafina da hannun hagu.

"Karen mota," ya ce, harshensa na nauyi, "kayan mutane ne. Kada ki bar su a hanya."

Ni ko madannin tayar da jirgin ban sani ba. Mai gyara ya nuna mini, sauran kuma a bakin gadon Kawu na koya. Kullum da la'asar in na taso aiki sai in zauna a kujerarsa in ɗan ci hanya, washegari in biya asibiti in ba shi labari. Yakan tambayi mai nawa ya rage, ko na duba jikin jirgin kafin in tashi. Na taɓa gogar bangon wata tasha wajen shan mai, ya rufe ido kamar fatarsa na goga, ya ce tun kafin a hango ƙofa ake taka burki.

Jikinsa ya ci gaba da yin ƙasa. Mai gyara ya ce in yanke ta gajeriyar hanya, in 'yan fashi sun cinye ni in koma baya in sake, wa zai sani? Inna ma ta ja ni gefe ta ce in shiga kawai in ce masa kaya sun isa, bawan Allah ya samu ya huta. Na yi ta juya maganar a raina. Amma na san Kawu, zai tambaye ni yadda ƙofar tashar take da abin da na ɗauko na dawowa, kuma ko bai tambaya ba, ya ce doguwar hanya, ba a komawa baya. Na ci gaba da bin zagaye, ina tuƙi ina kallon ƙofar ɗaki duk lokacin da aka yi sallama.

Zuwana na ƙarshe, na sunkuya kusa da kunnensa na ce masa na fara hango fitilun tashar, gobe in Allah ya yarda zan shiga. Na ɗauka bai ji ba. Can sai leɓensa ya motsa.

"Rage gudu," ya ce.

Washegari da hantsi, ina kan keken ɗinki, aka aiko a kira ni.

Sai da masu gaisuwar rasuwarsa suka ɗauke ƙafa sannan na iya shiga ɗakin. Takalmansa na nan ƙarƙashin tebur. Na kunna na'urar, na taka burki tun daga nesa, na shigar da jirgin a hankali ko bango bai taɓa ba. Rubutu ya fito cewa an karɓi ruwan cif, ba abin da ya yi ciwon kai. Na juya in faɗa, gadon a gyare yake ba kowa.

Inna na zaune a tsakar gida, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo. Na tsaya a kanta na ce, "Inna, kaya sun isa."

Na zaci za ta ce in bar shirme. Sai ta ɗago ta tambaye ni ko duka suka isa, na ce duka. Ta dafa bango ta tashi, ta ja ƙafa har cikin ɗakin, ta tsaya tana kallon jirgin a cikin tasha.

"To kashe masa motar," ta ce.