Malam Hambali, Mai Sanin Shekarun Imfala

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Kabo da hantsi a shekaru talatin ɗin nan ya san abin da zai gani: ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota, da kofin shayin da ya huce a gefe. Malam Hambali ke nan. Sai ka gaishe da ƙafafun, muryar ta amsa daga ƙasa, har ta tambaye ka gida da gona. Ni dai na fi shekara ina gaida shi kafin in ga fuskarsa da kyau.

Motar da ta sa nake wannan rubutu ita ce tsohuwar Imfalar ƙauyen Kara, doguwa 'yar Amurka. Marigayi Alhaji Datti ya saye ta zamanin gyaɗa, ya bar ta wakafi don kai marasa lafiya da masu naƙuda asibitin Gwarzo. Ban da ita, sai amalanke.

Ana tsakiyar zamanin tsuke bakin aljihu ƙarfen da ke riƙe da ƙafarta ta gaba ya karye. Mutanen Kara suka yi karo-karo, aka ɗauki takardun mota, aka ga an rubuta shekarar sittin da biyar, aka aika Legas a sayo ƙarfen. Kaya suka zo, suka ƙi shiga. Aka sake, suka sake ƙi. Da dabara ta ƙare, dattawa suka yanke a sayar wa maƙera ita ranar Juma'a, a ƙera garma da murhu.

Inna Yelwa ungozoma ce ta ƙi. Tana da mata uku da watansu ya kama, ɗaya kuwa, Sauda, cikinta ba ya kwance daidai. Ta tako har Kabo da ƙafarta, wurin Malam Hambali.

"Malam, idan aka sare motar nan, Sauda ba za ta kai Gwarzo ba. Ka zo ka duba, ko don Allah."

Ya zo. Bai ko kalli takardun ba, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙasa. Can sai ga shi ya fito yana kaɗe riga.

"Baba Dalhatu," ya ce wa babban dattijon, "wa ya ce muku 'yar sittin da biyar ce?"

"Takarda mana, Malam. Ga hatimin gwamnati."

"Wannan shekarar da ta sauka Kano ce, ba shekarar da aka ƙera ta ba. Ku leƙa. Ƙashin bayanta a gicciye yake. Daga sittin da biyar masu ƙera ta suka daina haka, suka bi da shi ta gefe. 'Yar sittin da huɗu ce kuka yi ta saya wa takalmin ƙanwarta."

Kuɗin gari guda sun tafi kan hatimi.

Shi kuwa ya san da wata gawar Imfala a Unguwar Tudu, 'yar sittin da uku, kaji na ƙwai a cikinta. Ya ce ƙasansu ɗaya, fuska ce kawai aka sauya. Ya ciro ƙarfen, ya ɗaura ranar Alhamis. Bayan kwana tara aka kai Sauda Gwarzo, aka yi mata aiki, ta dawo da ɗanta.

Kai ne, Malam, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, jita-jita ta sa baƙi na ɗaure kaya, ka ɗauki Malama Anastasia mai koyarwa a motar nan tana naƙuda. Da wasu suka yi gunaguni cewa wakafin Musulmi ne, ka ce Alhaji Datti marasa lafiya ya ce, kuma kana wurin da ya faɗa.

Yanzu idon Malam ya yi rauni, ya ajiye sifana. A walimar da aka yi masa makon jiya, mai unguwa ya ce duk wanda motar nan ta taɓa ɗaukarsa, ko ta ɗauki uwarsa da cikinsa, ya miƙe. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Tabarmi suka zama wayam.

Malam ya juya yana tambaya, "Tafiya ake yi? Ba a ci abinci ba fa."

"A'a, Malam," in ji Inna Yelwa. "Mutanenka ne suka tashi."

Mun gode, Malam Hambali, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu sana'a, kafin ku ce abu ya mutu, ku shimfiɗa buhu ku leƙa ƙasansa.